Abu Raihan Albiruni, malamin Musulunci da ya ɗauki karatu wajen malaman Hindu

Indiya ta daɗe da shigowa gidajenmu ba ta ko yi sallama ba. Keken yalo-yalo da ke kai mu kasuwar Aboabo yawanci ƙirar can ne. Da dare iyayenmu mata da ƙannenmu ba sa yarda wasan kwaikwayon Indiya ya wuce su a talabijin. Matasa suna kallon motsa jikin yoga a waya, wasu har suna tura ranar haihuwarsu ga masu duban taurari na intanet don a faɗa musu wa za su aura. A Odorkor da ke Accra ma akwai gidan ibadar Hindu na baƙar fata tun 1975, wanda wani ɗan Ghana, Swami Ghanananda Saraswati, ya jagoranta har rasuwarsa. Amma ka tsayar da mutum a hanya ka tambaye shi me mabiya Hindu suka yi imani da shi, sai ya ce maka suna bauta wa saniya, shi ke nan an rufe littafi.

Kusan shekara dubu da suka wuce an yi wani malami Musulmi da wannan gajeriyar amsa ba ta ishe shi ba. Ya koyi harshen mutanen, ya sayi littattafansu, ya zauna gaban malamansu, sannan ya rubuta abin da suka yi imani da shi yadda su da kansu za su karanta su ce haka ne. Bai bar sallarsa ba, bai kuma yi musu ƙage ba. Tarihinsa nake so in kawo muku yau.

Haihuwarsa da tashinsa

Sunansa Abu Raihan Muhammad ɗan Ahmad Albiruni. An haife shi a watan Satumba na 973, daidai da Zulhajji na shekarar 362 bayan Hijira, a bayan garin Kath, babban birnin ƙasar Hawarizam, kudu da tafkin Aral. Wurin yana cikin Uzbekistan a yau, kuma garin da ke nan yanzu sunansa yake amsawa, Beruni. Kalmar birun da Farisanci tana nufin waje, don haka da yawa suna ganin laƙabin nasa yana nufin ɗan bayan gari ne. Harshen da ya sha a nono shi ne na Hawarizam, daga baya ya koyi Larabci da Farisanci, da su ne kuma ya yi rubuce-rubucensa.

Allah ya haɗa shi da malami tun yana ƙarami, Abu Nasr Mansur, ɗan gidan sarautar ƙasar kuma gwani a lissafi da ilmin falaki. Yaron ya ɗauka da sauri. Yana da shekara 17 ya auna tsayin rana a tsakar rana, ya fitar da matsayin garinsu a doron ƙasa. A 995 yaƙi ya kifar da gidan sarautar da ke riƙe da shi, dole ya gudu. Ya zauna a Rayy, kusa da Tehran ta yau, cikin talauci, amma bai ajiye aiki ba. A 997 ya shirya da Abul Wafa Albuzajani, wanda ke Bagadaza, cewa su biyun su lura da husufin wata guda, kowa ya rubuta lokacin da ya gani a garinsa. Da suka gwada, bambancin ya kai kimanin awa ɗaya, da shi suka lissafa tazarar gabas da yamma tsakanin Kath da Bagadaza. Babu waya, babu agogon hannu, sai wasiƙa da ayari.

A waɗannan shekaru ne ya yi musayar wasiƙu da Ibn Sina, yana jefa masa tambayoyi masu zafi a kan koyarwar Aristotal. Wajen shekarar 1000 kuma, yana fadar sarki Ƙabus na Jurjan, ya rubuta littafinsa babba na farko, Al-Asarul Baƙiya, inda ya tattara kalandar Farisawa da Yahudawa da Kiristoci da Larabawa da mutanen ƙasarsa, da bukukuwansu da ranakun azuminsu. Tun nan halinsa ya fito: mutum ne mai son ya san yadda wasu ke ƙirga kwanakinsu, da dalilin da ya sa.

A hannun Sarki Mahmud

Ya koma gida ya yi wa sarkin Hawarizam na lokacin hidima, har zuwa 1017 da Sarki Mahmud na Gazna ya ci ƙasar da yaƙi. Mahmud ya kwashe malaman fada ya tafi da su Gazna, a Afganistan ta yau, kusan kamar ganimar yaƙi. Albiruni yana cikinsu, yana da shekara 44.

Mahmud mayaƙi ne da ya yi ta kai hari arewacin Indiya shekara bayan shekara, yana rushe gidajen gumaka yana kwaso dukiya da bayi. Mafi shahara shi ne harin Somnath, tsakanin 1025 da 1026. Ta wannan ƙofa mai jini Albiruni ya shiga Indiya. Ya ga Feshawar da Multan da Siyalkot da ganuwar Nandana, duk a Pakistan ta yau. Wasu sun dawo da zinariya, shi ya dawo da littattafai.

A Nandana ne ya auna girman duniya. Da farko ya lissafa tsayin wani dutse ta hanyar auna kusurwar ƙololuwarsa daga wurare biyu a fili. Sai ya hau saman, ya auna yadda bakin sararin sama ya sauka ƙasa da daidai idonsa, ya samu ɗan abin da ya haura rabin digiri. Da waɗannan lambobi biyu ya fitar da nisan da ke tsakanin doron ƙasa da tsakiyarta, amsarsa kuwa ta zo kusa ƙwarai da kilomita 6,371 da masana ke bayarwa yau. Kada mai karatu ya ɗauka wasa da lambobi yake yi. A 1025 ya gama wani littafi a kan auna matsayin garuruwa, ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne mutanen Gazna su san alƙibla daidai.

Yadda ya koyi Sanskirit

Littattafan addini da ilmi na Hindu da harshen Sanskirit aka rubuta su, kuma Brahmanawa, wato ajin malamansu, su ke riƙe da shi. Albiruni ya fara koyonsa ya haura arba'in. Ya bayyana wahalar da ya sha: abu ɗaya yana da sunaye barkatai, kalma ɗaya tana da ma'anoni da yawa, akwai sautukan da haruffan Larabci ba sa iya ɗauka, kuma ko littafin lissafi a waƙe suke rubuta shi, sai marubuci ya lanƙwasa magana don ta dace da kari. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin rubuta Hausa ko Dagbanci da ajami, ya rasa inda zai sa ɓ ko gb, ya ɗanɗana kaɗan daga wannan.

Wahalar ba ta harshe kaɗai ba ce. Brahmanawa suna ɗaukar baƙo a matsayin mara tsarki, ba sa ci da shi, ba sa zama da shi. Albiruni ya kuma rubuta, yana zaune a daular Mahmud, cewa yaƙe-yaƙen sarkin sun lalata arzikin ƙasar, sun tarwatsa mutanenta, sun dasa musu ƙin Musulmi a zuciya, shi ya sa ilminsu ya gudu zuwa Kashmir da Banaras inda hannun mayaƙa bai kai ba. Ba kowane malamin fada ne zai iya sa wa alƙalaminsa wannan magana ba.

Duk da haka ya kashe kuɗinsa wajen neman littattafai da kawo malamai daga nesa. Ya ce da farko shi ne almajiri a gabansu. Da ya ƙware, ya fara nuna musu hujjojin lissafi na Yunanawa, sai suka riƙa taruwa wurinsa suna tambayar wane malamin Hindu ne ya koya masa, wasu suna ganinsa kamar mai sihiri. Ya ma fara juya musu littafin Iƙlidis na lissafi da na Batlamus na falaki zuwa Sanskirit, don kada karatun ya zama karɓa kawai babu bayarwa.

Littafin Indiya

Wajen 1030, shekarar da Mahmud ya rasu, ya kammala littafin da aka fi sani da Kitabul Hind, mai babi 80. Abin da ya jawo rubuta shi ya kamata mu nan Tamale mu saurara da kyau. Suna hira ne da wani malami, Abu Sahl na Tiflis, a kan wani marubuci da ya jingina wa Mu'utazilawa maganar da ba su faɗa ba don ya ɓata su. Sai Albiruni ya ce idan ana yi wa ƙungiyar Musulmi haka, alhali suna kusa za a iya tambayar su, to ina ga mutanen da ke nesa, waɗanda ba wanda ya san harshensu? Abu Sahl ya roƙe shi ya rubuta abin da ya sani.

A gabatarwa ya lissafa masu ƙarya a labari: mai yi don ya ɗaga ƙabilarsa, mai yi don ƙiyayya, mai yi don tsoro ko kwaɗayi, da mai yi cikin jahilci don ya ji wani ya faɗa. Ya kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i da ke umartar muminai su tsaya kan adalci ko da a kan kansu ne. Sannan ya bayyana cewa littafin nasa ba na raddi ba ne, zai ajiye maganar Hindu yadda take, ya ambaci littafin da ya ɗauko ta.

Haka kuwa ya yi. Ya ɗauko daga Bhagabad Gita da littattafan Purana da na falaki. Ya nuna cewa masu ilmi a cikinsu suna magana a kan Ubangiji ɗaya wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe, gumaka kuma sun fi ƙarfi a wajen talakawa marasa karatu. Ya bayyana cewa aƙidar sake dawowar rai cikin wani jiki ita ce alamar addininsu, kamar yadda kalmar shahada take alamar Musulmi, Asabar kuma alamar Yahudawa. Ya kawo rabe-raben mutane huɗu, daga Brahmanawa zuwa Shudra, da waɗanda aka ajiye a bayan gari ba a ko ƙirga su. A nan bai ɓoye ra'ayinsa ba, ya ce a Musulunci ba mai fifiko sai da taƙawa, kuma wannan bambanci shi ne babban shinge tsakanin al'ummomin biyu. Ya kawo al'adar ƙone matar mamaci tare da gawar mijinta, ya kawo aure da gado da azumi da aikin ziyara. Ya kuma tabbatar da cewa lambobin da Larabawa ke lissafi da su daga Indiya aka samo su, su ne kakannin waɗanda nake rubuta wa yara a allo kullum.

Yoga

Kafin Kitabul Hind ya fassara littattafai biyu zuwa Larabci. Ɗaya na mazhabar Sankhya ne, ya ɓace. Ɗayan shi ne littafin Fatanjali, tushen falsafar yoga, wanda jumlolinsa gajeru ba su kai 200 ba, a kashi huɗu. Albiruni ya haɗa shi da sharhinsa, ya zuba shi a tsarin tambaya da amsa. Fassarar ta yi ɗaruruwan shekaru a ɓoye, sai a 1922 Louis Massignon ya gano ta a wani kundi a Istanbul, Hellmut Ritter kuma ya buga ta a 1956.

Wanda ya san yoga ta waya zai yi mamakin abin da ke ciki. A wajen Fatanjali matakai takwas ne. Na farko barin cuta da ƙarya da sata da zina da kwaɗayi. Na biyu tsabta da wadatar zuci da horon kai da karatu da miƙa wuya ga Ubangiji. Zaman jiki shi ne na uku, kuma magana kaɗan aka yi a kansa, cewa ya kasance tsayayye mai daɗi. Daga nan sai sarrafa numfashi, janye gaɓɓai daga abin da ke jan su, tsayar da hankali wuri ɗaya, zurfafa tunani, sai nutsewa gaba ɗaya. Manufar duka ita ce rai ya kuɓuta daga zagayen haihuwa da mutuwa da sake haihuwa, wanda a aƙidarsu ayyukan mutum ke ɗaure shi a ciki.

Albiruni ya lura cewa wasu maganganun sun yi kama da na Sufaye, har ya ambaci Abu Yazid Albistami da Shibli, ya kuma kwatanta su da na masana falsafar Yunan. Amma kama daban, zama abu ɗaya daban. Musulmi ya yi imani da rayuwa ɗaya, mutuwa ɗaya, tashi ɗaya da hisabi. Tun 2015 ake bikin ranar yoga ta duniya kowace 21 ga Yuni, bisa amincewar Majalisar Ɗinkin Duniya, don haka tambayar za ta ci gaba da zuwa wa malamanmu: ya halatta ko bai halatta ba? Hukunci nasu ne, ba nawa ba. Abin da nake roƙo shi ne mai ba da fatawa ya san ina miƙe baya da jan numfashi suka tsaya, ina aƙida ta fara. Wanda bai san abu ba, ko dai ya haramta halal ko ya buɗe ƙofar da bai kamata ba.

Taurari

Kaso mai yawa na Kitabul Hind a kan falaki da duban taurari ne, domin nan ne fagensa. Ya karanta Brahmagufta, wanda ya rubuta babban littafinsa a 628, da Barahamihira, har ya fassara ƙaramin littafin na biyun a kan duban haihuwa. Ya bayyana cewa Indiyawa suna ƙirga masaukan wata 27, Larabawa kuma 28. Ɗaya daga cikinsu, wanda suke kira Kirittika, shi ne Surayya, wato kaza da 'ya'yanta da manomanmu ke dubawa.

Maganar husufi ita ce ta fi burge ni. A tatsuniyar Hindu wani dodo ne mai suna Rahu ke haɗiye rana ko wata, kamar yadda yaranmu ke fita da gwangwanaye suna cewa rana ta kama wata. Barahamihira ya bayyana gaskiya, cewa inuwar ƙasa ce ke rufe wata, wata kuma shi ke tare rana. Albiruni ya yaba masa. Brahmagufta kuwa ya san wannan lissafi, da shi ma yake aiki, amma ya goyi bayan labarin Rahu. Albiruni ya soke shi da ƙarfi, yana ganin ya yi haka ne don ya faranta wa malaman addininsu da jama'a. Ka ga ma'auninsa ɗaya ne: ya yabi Bahinde don ya faɗi gaskiya, ya zargi Bahinde don ya ɓoye ta.

Shi kansa ya rubuta littafin koyon ilmin taurari a 1029, At-Tafhim, don wata mace mai suna Raihana 'yar Hasan, cikin tambaya da amsa sama da 500. Ya fara da lissafi da siffofi da falaki, duban taurari ya ajiye shi a ƙarshe, ya kuma nuna cewa bai ba sakamakonsa wani ƙarfi ba. Ya raba abu biyu da har yau muke cakuɗawa. Akwai lissafin tafiyar rana da wata, wanda ake gwadawa a tabbatar, da shi ake sanin alƙibla da lokutan salla. Akwai kuma da'awar cewa tauraro ya san wa za ka aura da ranar da za ka yi arziki. Ko daga Indiya ta zo ta waya, ko daga zauren mai duba a unguwa, gaibu na Allah ne.

Inda iliminsa ya tsaya

A kan addinin Buddha abin da ya rubuta kaɗan ne, ya kuma faɗi dalili. Ya ce bai taɓa samun littafinsu ba, bai kuma haɗu da mabiyinsu da zai koya masa ba, abin da ya kawo daga wani marubuci ne mai suna Iranshahri. A zamaninsa addinin ya riga ya ja baya a yankunan da ya taka. Wani malamin da sai ya cike gurbin da ji-ta-ji-ta, shi kuwa ya nuna wa mai karatu iyakar gonarsa.

Littafin yana da nasa rauni. Albiruni bai wuce Funjab da kewayenta ba, kuma Indiyar da ya zana yawanci ta littattafan Brahmanawa ce, muryar manomi da masaƙi ba ta fito sosai. Wani lokacin ma harshensa yakan yi kaifi a kan abin da ya kira girman kansu. Duk da haka, tun da Edward Sachau ya buga matanin Larabcin a 1887, da fassarar Turanci a 1888, masu tarihin Indiya da kansu suke komawa gare shi don sanin yadda ƙasarsu take a ƙarni na 11.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan Mahmud, ɗansa Mas'ud ya girmama shi. Albiruni ya sadaukar masa da babban kundinsa na falaki, Al-Ƙanunul Mas'udi. Ana ba da labari cewa sarkin ya aiko masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali don ba ya bukata. Ya rubuta littafi a kan duwatsu masu daraja da ƙarafa, inda ya auna nauyin kowanne idan an gwada shi da ruwa. Da tsufa ya kama shi, ido da kunne suka yi rauni, ya rubuta littafin magunguna yana kawo sunan kowane tsiro da harsuna daban-daban. Ayyukansa sun kusa 150, ashirin da 'yan kai ne suka iso gare mu. Ya rasu a Gazna, yawancin littattafai suna cewa 1048, wasu masu bincike kuma suna kai ta 1050 ko bayanta kaɗan.

Yaƙut Alhamawi ya ruwaito cewa wani masanin fiƙihu ya je duba shi yana gargarar mutuwa, sai Albiruni ya tambaye shi wata mas'ala ta rabon gadon kakanni mata. Baƙon ya ji tausayinsa, ya nuna cewa yanzu ba lokacin wannan ba ne. Albiruni ya nuna masa cewa gara ya bar duniya ya san mas'alar da ya bar ta bai sani ba. Mutumin ya yi masa bayani, ya fita, bai yi nisa ba ya ji kuka daga gidan.

Ina koyar da darasin addinai da tarbiyya, wanda muke kira RME, inda yaro Musulmi da Kirista da ɗan gidan gargajiya ke zaune a benci ɗaya, kowa yana sauraron yadda zan faɗi addinin gidansu. Idan na karkata, akwai yaron da zai sani, kuma daga ranar ba zai ƙara yarda da ni ba ko a lissafi. Manyanmu ma a garin nan sun san abin da jingina wa juna magana ya jawo tsakanin 'yan ɗariƙa da Ahlussunna, masu alƙibla ɗaya. Shi ya sa gwajin Albiruni yake da amfani gare mu: kafin ka yi raddi ga mutum, faɗi aƙidarsa yadda zai ji ya ce e, haka nake cewa. Bayan nan ka kawo hujjarka. Idan kuwa ba ka karanta ba, ba ka tambaya ba, to shiru ma ilmi ne.

Allah ya jiƙan Abu Raihan, ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani da harshe mai adalci. Amin.